Injiniya a Rumfar Akawu

An yi wani saurayi a birnin Kano wanda Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa. Ya karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Bayero, ya je bautar ƙasa ya dawo. Abokan karatunsa sun san shi da abu guda: in manhaja ta ƙi tashi, kowa ya yi iya yinsa ya gaji, to shi ake nema. Ya iya Python, ya iya JavaScript, ya san yadda ake shimfiɗa rumbun bayanai ta yadda ko mutum dubu suka afka masa lokaci guda ba zai durƙushe ba. Tun bai sami aiki ba mutanen unguwa suka laƙaba masa Injiniya, sunan kuwa ya bi shi har na yanka ya kusa ɓacewa.

Mahaifinsa yana da wani amini, Alhaji mai sito a Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan ta kan hanyar Katsina da aka kafa a 1985, inda manyan motoci ke lodi zuwa Legas da Anacha, da Nijar da Chadi da Kamaru. Gero da dawa da masara da wake, riɗi da zoɓo da waken suya, babu wanda Alhaji ba ya taɓawa. Lissafin wannan dukiya duka yana hannun mutum ɗaya, wani tsohon akawu da suka faro tare tun siton yana 'yar rumfa. Yana da manyan littattafai masu baƙin bango, da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi da ja. Sai dai ido ya fara gajiya, Alhaji kuma yakan kwana da tunanin ranar da Akawu zai aiko a ce ba zai iya fitowa ba.

Wata Juma'a a daminar 2022, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji ya riƙe hannun Injiniya ya ce masa, ɗana, ina so ka ɗauke mini littattafan nan ka zuba su a waya. Injiniya ya rusuna ya ce to, Baba. Washegari ya je Dawanau da hantsi, ya ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa Akawu tambaya uku ko huɗu, aka kawo masa lemo ya sha, kafin la'asar ya koma gida. Da mahaifinsa ya tambaye shi yadda ya ga aikin, sai ya ce ai ƙarami ne: kaya su shigo, kaya su fita, kuɗi su shigo, kuɗi su fita, shi ke nan.

Kada a tauye masa haƙƙi, aikin da ya yi mai kyau ne. Ya adana kuɗi a kwabo-kwabo don kada lissafin kwamfuta ya riƙa zubar da ɗan guntun da ke bayan ɗigo. Ya rubuta gwaje-gwajen da ke bin kowane sashe na manhajar suna dubawa. Ya sa kowane dare a ajiye kwafin bayanan a wani wuri dabam, ko waya ta faɗa ruwa ba a yi asara ba. Da ya gama, sai ya ga akwai sauran ƙarfi a jikinsa, ya ƙara wani abu da ba a roƙe shi ba don ya faranta wa Alhaji: duk ɗaya ga wata, manhajar za ta aika saƙon tes ga duk wanda bashinsa ya wuce kwana 90, ta faɗa masa adadin, ta ce ya zo ya biya.

Aka fara aiki da ita, ƙananan matsaloli suka fara leƙowa. Injiniya ya rubuta a cikin kod cewa buhu kilo 100 ne, alhali buhun zoɓo ko kusa bai kai ba, sabuwar masara kuma nauyin da ta shigo da shi ba shi take fita da shi ba in ta bushe. Manhajar ba ta yarda kaya su fita sai an rubuta cewa an biya, alhali rabin motocin da ke tashi daga ƙofar siton a kan amana suke tashi, kuɗi sai an sauke an sayar. Kuma duk buhun da ya kwana a sito ta lissafa shi a dukiyar Alhaji, har da hatsin manoman ƙauye da suka kawo ajiya suna jiran farashi ya ɗaga. Akawu bai yi gardama ba. Ya ci gaba da rubuta gaskiyar lamari a littafinsa, in ya gama sai ya sa yaro ya shigar wa wayar abin da za ta yarda ta karɓa. Injiniya kuwa da aka gaya masa sai ya ce matsalar rashin sabo ce, in aka horar da yaran komai zai daidaita.

Ana nan sai ɗaya ga wata ta zo, saƙonni suka fita.

Bayan kwana huɗu, da rana tsaka, wata mota ta tsaya, wani dattijo ya sauko. Mutumin Damagaram ne, ya fi shekara ashirin yana sarin gero a wurin Alhaji. Alhaji ya miƙe da fara'a yana lale marhabin, ya sa a shimfiɗa darduma, a kawo ruwa. Dattijon ya amsa gaisuwa a taƙaice, bai zauna ba. Ya kwance wata jaka, ya zube kuɗi a kan benci, ya ce a ƙirga. Alhaji ya ce kuɗin mene ne wannan? Dattijo ya zaro wayarsa ya miƙa masa. Ya ce shi ba ya karanta boko, jikansa ne ya karanta masa, a zaure, gaban baƙi. Ya ce ya sayar da shanu biyu ya cika kuɗin, kuma ya gode da haƙurin da aka yi da shi. Ruwan da aka kawo yana nan a ajiye ya juya ya shiga mota. Alhaji ya bi shi yana rantsuwa cewa bai san da saƙon ba, dattijo ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci, direba ya ja.

Da yamma aka kira Injiniya. Alhaji bai ɗaga masa murya ba, abin da ya fi yi wa yaron ciwo ke nan. Akawu ne ya jawo littafin 2019, ya buɗe wani shafi, ya ɗora yatsa. A gefen sunan dattijon akwai wata 'yar da'ira da jan biro. Ya ce a watan Agustan shekarar aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Motocin dattijon biyu suka maƙale a bakin iyaka, ruwa ya dake su, geron ya lalace. Ranar da labari ya iso Alhaji ya ce a zagaye sunan. Ma'anar da'irar ita ce wannan bashi ba a tambayarsa. In mai shi ya kawo a karɓa, in bai kawo ba tsakanin Alhaji ne da Ubangijinsa. Injiniya ya ce ya ga da'irar a hoto, ya ɗauka gwajin biro ne. Akawu ya dube shi ya ce, yaro, ni ban taɓa gwada biro a littafin dukiyar mutane ba.

A daren nan barci ya ƙaurace masa. Kamar an shirya, wani abokinsa da ke Legas ya bugo waya da albishir: wani kamfanin ƙasar waje yana ɗaukar masu rubuta manhaja, daga gida za a yi aikin, albashi da dala. Abin da ake bukata kawai ya zauna wata uku ya goge ƙwaƙwalwarsa da irin tambayoyin lissafin da suke yi a jarrabawa, shi kuwa wannan ruwansa ne. Da ya ba shi labarin abin da ya faru, abokin ya ce ya rabu da 'yan kasuwa, ba su san darajar aikinsa ba. Abokin ba mugu ba ne, shawararsa ma ba ta banza ba ce, don mutane da yawa sun bi wannan hanya sun ga alheri.

Injiniya ya ce zai yi tunani. Ya buɗe kwamfuta da niyyar ya gyara ɓarnar ya sallami Alhaji cikin mutunci. Cire saƙon tes bai ɗauke shi minti goma ba. Ya ƙara wani ɗan akwati da za a latsa a ce kada a tambayi wannan bashi. Aiki ya ƙare ke nan, in da a ce da'irar ce kaɗai. Amma kafin ya rufe sai ya koma kan hotunan shafukan, wannan karon yana duba gefe maimakon tsakiya. Ga wani suna an ja masa layi biyu a ƙasa. Ga wani da ɗigo uku. Ga wani an rubuta masa harafi guda da ajami. Ga adadi an soke shi da layi an rubuta wani a sama, ba a goge na farko ba. Ya yi ta buɗawa har aka fara kiran assalatu, bai iya fassara ko ɗaya ba. Sai ya tuna wani darasi da aka yi musu a jami'a kan kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA, wanda ya salwanta a watan Satumbar 1999 saboda rukuni ɗaya na injiniyoyi ya ba da lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karɓa a matsayin ma'aunin niyuton. Ranar da aka ba su labarin har dariya ya yi, yana mamakin yadda manyan masana za su kasa tambayar juna da wane ma'auni ake awo. Ga shi yau shi ma ya rubuta buhu kilo 100 bai tambayi kowa ba.

Ya san zai iya toshe kowace ɓaraka in ta bayyana. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, kowace sai ta fara faɗawa kan wani mutum kafin shi ya ji labari. Ya rufe kwamfutar, ya yi alwala ya tafi masallaci.

Da gari ya waye ya hau mota zuwa Dawanau, bai ɗauki jakarsa ba. Ya durƙusa gaban Alhaji ya ce yana roƙon a ba Malam Akawu shi a matsayin yaro har kaka ta wuce. Alhaji ya ce shi ba shi da albashin injiniya. Ya ce na yaron akawu ya ishe shi. Akawu ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce in haka ne ya fara da share rumfa, kuma kada ya taɓa biro sai an ba shi. A unguwa magana ta yaɗu cewa mai digiri ya koma riƙe kwano. Mahaifinsa ya ɗan ji nauyin abin, amma mahaifiyarsa ta ce a ƙyale shi, da ɗan gari akan ci gari.

Abu na farko da Alhaji ya yi shi ne ya ɗauke shi suka tafi Damagaram. Injiniya ya tsuguna gaban dattijon ya ce shi ne ya aika saƙon, Baba bai sani ba. Dattijo ya ce ya yafe, ya sa aka yanka musu kaza. Amma an daɗe kafin motarsa ta sake tsayawa a ƙofar siton.

Kaka ta shigo, kasuwa ta cika maƙil. Injiniya ya ga yadda mai saye ke soka ƙarfen nan mai kogo a cikin buhu ya zaro samfur, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza, daga ƙarar da ta yi ya san ko masara ta bushe. Ya ga ana taya kaya, mai su ya ce albarka, a ƙara, a ja, har ya ce ya sallama, kuma daga wannan kalma ciniki ya faɗa ko da ba a ga kwabo ba. Ya koyi cewa buhun da ake ce wa mai kwano arba'in ya danganta da kwanon wa, da kuma hannun wa ya cika shi. Ya koyi cewa mai sayen riɗi don fitarwa waje da kilo yake magana, kuma sai an cire masa nauyin ƙasa da tsakuwa, manomin da ya kawo shi kuwa da kwano ya san kayansa, riba da asara duk suna tsakanin ma'aunin nan biyu. La'adar dillali, kuɗin 'yan dako, kuɗin ɗinki, kafin alƙalami, kowanne da wanda ke biyansa da lokacin da ake cire shi. Layi biyu a ƙarƙashin suna ajiya ce, ba ta shiga dukiyar Alhaji, ba ta shiga lissafin zakkarsa. Ɗigo uku mai biya ne sai ya sayar. Harafin ajami kuwa farkon sunan dillalin da ya tsaya wa baƙo ne, in baƙon ya ɓace shi za a nema.

Wata rana ya tambayi Akawu dalilin da ba ya goge kuskure. Akawu ya ce wanda ya iya goge kuskure zai iya goge gaskiya, shi ya sa tun ranar da ya ga maɓallin gogewa a wayar nan hankalinsa bai kwanta da ita ba. Injiniya ya yi tsam, don ya san wannan tsari a fagensa: kada a taɓa canja abin da aka rubuta, sai dai a ƙara sabon layi mai gyara na baya. Ya karanta shi, bai taɓa tunanin nan ne wurinsa ba. Haka ma littafin Eric Evans na 2003, Domain-Driven Design, da ya taɓa bi sama-sama. A nan ya gane abin da marubucin ke nufi da cewa harshen masu sana'a shi ya kamata ya zama harshen kod. Ya koma ya fitar da sunayen da ya aro daga manhajojin kantunan Turai, ya sa ajiya a inda ajiya take, la'ada a inda la'ada take.

Duk da gajiyar yini, bayan isha'i sai ya buɗe kwamfuta. Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne yadda wayoyi za su yi aiki in babu sabis, su haɗa bayanansu in ya dawo ba tare da ɗaya ta danne ɗaya ba. Akawu ya ce masa ya riƙa hutawa. Ya ce, Malam, in na bar nawa karatun na kama naka kaɗai, za a sami akawu biyu a rumfa ɗaya, kuma na biyun bai kai na farko ba.

Sai ga Janairun 2023. Babban Bankin Najeriya ya riga ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin aka ce a mayar banki, sababbin kuma ba su wadata ba. Tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa, kowa ya koma tiransifa, hanyoyin bankuna suka cushe. Mai saye zai nuna wayarsa an cire masa kuɗi, Alhaji ya duba tasa babu alat. Wani kuɗin sai bayan kwana uku ya shigo, wani ya koma wa mai shi ba wanda ya sani. Wani ya biya kashi huɗu daga asusu huɗu, ɗaya na ɗansa, ɗaya na matarsa, ɗaya na mai POS. Littafin Akawu yana da gurbin an biya da gurbin ba a biya ba, ba shi da gurbin kuɗin da ya bar hannun mai shi bai iso ba. Shafuka suka cika da soke-soke. Wata magariba tsohon ya ajiye biro, ya cire tabarau ya murza ido, ya ce tunda yake bai taɓa tashi bai rufe lissafin yini ba sai yau.

Injiniya ya ce a ba shi kwana biyu. Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinsa. Ya ba kowane biya matsayi uku, an aiko, ya iso, ya koma. Ya sa a riƙa kama kowanne da lambar shaidar da banki ke bayarwa, ta yadda kuɗi ɗaya ba zai shiga lissafi sau biyu ba ko da an nuna rasit ɗinsa sau goma. Kowace safiya manhajar ta ɗauki bayanin asusun Alhaji ta gwada da abin da aka rubuta jiya, ta ware waɗanda ba su dace ba. Waɗannan ba ta yanke musu hukunci. Takan jera su gaban Akawu, shi da ya san cewa sunan matar nan da ya fito a alat uwargidan wane ce. Haka in yara biyu suka sayar da buhunan da suke ɗaya a lokacin da babu sabis, ba ta zaɓar na wani ta zubar da na wani, sai ta kawo maganar rumfa. A makonnin nan an yi rigingimu da yawa a kasuwa kan an biya ba a biya ba, amma a siton Alhaji mota ba ta kwana saboda gardamar alat ba.

Da abubuwa suka lafa, Akawu ya jawo bencinsa kusa da na yaron, ya ce, Injiniya, nuna mini inda ake latsawa. Wannan ne karo na farko da ya kira shi da sunan. Ya ce amma a ƙara girman rubutun, kuma yana son jar da'irarsa. Aka sa masa ita, ba mai iya ɗora ta sai Alhaji, ba mai ganinta sai su biyu. Saƙon tes kuma aka mayar da shi sai Alhaji ya latsa da hannunsa, shi kuwa bai taɓa latsawa ba, in yana son tuna wa mutum bashi sai ya kira ya tambayi lafiyar iyali.

Maƙwabtan sito suka fara aiko yaransu su ga abin, daga nan wani ya ce a yi masa, wani ma ya ce a yi masa. Abokin nan na Legas ya sami aikinsa na dala, ya kuwa ji daɗinsa, har ya riƙa turo wa Injiniya sababbin dabarun da ya koya, shi kuma yana karɓa da godiya. Bayan wani lokaci wasu dillalan shanu suka ji labari suka zo har rumfar. Suka ce su a Maigatari suke, bakin iyakar Nijar, cinikinsu rabi da naira rabi da sefa, suna son irin wannan manhaja. Suka ce tunda ya riga ya yi ta hatsi, ai sai ya canja buhu ya sa saniya, nawa za su biya kuma yaushe za su karɓa? Injiniya ya ce maganar kuɗi da lokaci a dakata tukuna. Ya tambaye su wa ke riƙe musu lissafi, kuma ko zai yarda a zauna kusa da shi.

Saboda haka in hanya ta kai ka Maigatari ranar Alhamis, ka ga wani saurayi a kara da ɗan littafi a hannu yana bin wani tsoho a baya, ƙafarsa duk ƙura, kada ka tambaye shi kuɗin bijimi. Bai iya ba tukuna, makonsa na uku ke nan.